Farin Zanen da Muka Ɗaga

Ventrosa, farkon Maris

Zuwa ga Kumare Assunta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma gwiwar nan taki ba ta hana ki barci a Napoli. Ni ina nan. Ana ci ana sha, ba don ana so ba.

Wasiƙunki duk sun iso. Abin da ya hana ni amsawa, ban san da wane suna zan kira ki ba. Sai jiya ina wanke kwanuka na tuna ranar baftismar ɗana Saverio, ke kika riƙe shi a coci, ya jiƙa miki sabuwar riga, kina ta dariya har Fada ya harare ki. Na ce to, wannan dai ba mai goge shi. Kumare kike, uwar baftismar ɗana, ko ina so ko ba na so. Amma kada ki ƙara wahalar da kanki da waya. Na cire igiyarta tun da 'yan jarida suka samu lambata.

Kin tambayi yadda nake. In na buɗe taga da safe, jirgin ne. In na rufe, shi ne dai a bayanta. Yana nan kwance a gefensa kan duwatsun Haƙoran Tsohuwa tun Oktoba, kuma ko a kwancen ya fi cocinmu tsawo. Ba na iya rubuta sunansa. Tsatsa ta fara gangarowa a kan farin fentin, kamar kofi ya zube a riga. Tsuntsayen teku sun yi gida a barandar da 'yan yawon shaƙatawa suke shan iska. An fito da kowa daga cikinsa, masu rai da marasa rai, an kai su garuruwansu. Ɗana kaɗai ya rage.

Masu nutso suna shiga kullum in teku ta yarda. Shugabansu mutumin can arewacin ƙasar nan ne mai jan gemu, ba ya gane maganarmu sosai. In sun fito da yamma sukan tarar da ni a bakin tasha, sai ya cire hula ya ce, "Ba yau ba, Uwa." Ya ce ƙasan jirgin ya murƙushe ta wajen ɗakin wanki, inda Saverio yake aiki, ba su sami hanya ba tukuna.

Yanzu maganar da kika rubuto a kanta. Kin ce lauyan ɗanki Aniello yana so in zo gaban alƙali a watan Mayu, in faɗa cewa matso da jirgi kusa da tsibiri don gaisuwa ba Aniello ya ƙirƙiro ba, al'adarmu ce. Kumare, ba zan iya ba.

Na farko, jirgin fito yana bi ta gefen wancan abu, kusa har ana jin warinsa. Na durƙusa gaban Uwa Maryamu na yi alkawari ba zan ɗora ƙafa a kan ruwa ba sai ranar da Saverio ya hau tudu. 'Yata Rosaria ta yi ta kuka in koma wurinta Torino, na ce mata ba na barin ƙaninta shi kaɗai a cikin sanyi. In ban tafi don 'yata ba, ta yaya zan tafi don ɗanki?

Na biyu, ba zan ɓoye miki ba. Aniello ne ke tuƙi. Na san shi tun yana gudu tsirara a bakin ruwa. Ya ci taliyata fiye da ta gidanku, don ke ba ki iya miya ba, kin sani. Ranar da ya sa farar rigar hafsa ni na fara sumbatar goshinsa. Shi ya nemo wa Saverio aikin guga a jirgin, na yi masa godiya har ƙasa. Amma in na rufe ido, hannunsa nake gani.

A ranar kina asibiti da gwiwarki, ba ki ga komai ba. Ni na gani. La'asar ce, rana tas. Na ɗaure farin zanen gadon aurena a zobban ƙarfen saman bene, kamar yadda uwata ta yi wa ubana, kamar kowace mace mai ɗa ko miji a jirgin da zai wuce. Ƙararrawar coci tana bugawa. Jirgin ya yanko daga bayan tudu, yana ta girma, yana ta girma, har na ga furen da ke kan hular wata baƙuwa. Maƙwabciyata Concetta ta ƙwala mini kira ta kan katanga, "Nunzia, gyara gado, yau a ɗakinki zai kwana!" Na yi dariya, Kumare. Na yi dariya har na riƙe ciki. Can a barandar ƙasa na ga mai farar riga yana ɗaga hannu biyu, na ce ga ɗana, na kwance gefen zanen ina kaɗawa ina kiran sunansa. Jirgin ya busa ƙaho sau ɗaya, ya busa na biyu. Sai muka ji wani sauti, ba mai ƙarfi ba ma, kamar ana jan gadon ƙarfe a kan daɓe. Na ukun, cikon gaisuwar, bai zo ba.

Abu ɗaya ke riƙe da ni: ya gan ni. Ban san me ya mayar da shi ƙasa bayan haka ba, wataƙila abokan aikinsa ya koma taimako, halinsa ne. Amma ya ga uwarsa.

A nan ba mai ambatar sunanki. Gidanki a rufe. Ina watsa wa itacen lemonki ruwa ta kan katanga, ba don ke ba, shi dai bai yi wa kowa komai ba.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban yi nisa a makaranta ba. Allah Ya ba mu ikon ɗauka.

Nunziata

*

Napoli, tsakiyar Maris

Nunzia,

Na gaishe ki, na kuma gaishe ki da haƙuri. Da na ga rubutunki a bayan ambulan, mai kama da tafiyar ƙaguwa, na zauna a matakala na yi kuka kamar yarinya. Miyata kuwa ba abin da ya same ta, ke ce kike cika tafarnuwa.

Ina wani ɗaki a bayan tashar jirgin ƙasa, tagarsa tana kallon bangon wani. Na zaɓe shi don mota ɗaya ce zuwa gidan yari. Ina yi wa wani mai shago gyaran wanduna. Ni Assunta, da na ɗinka wa rabin tsibiri kayan aure, yau ina rage ƙafar wandon mutanen da ban san fuskarsu ba. Gida ba ya komuwa, kin ga abin da aka rubuta mini a ƙofa. Gaba kuma ba inda zan je in bar yaron.

Ki saurare ni da kyau. Kyaftin ya faɗa wa alƙali cewa shi umarni ya bayar a bi nesa, yaron ne ya karkata da kansa don ya burge 'yan garinsu. Masu jirgin sun ce ba su taɓa jin wata gaisuwa ba. Liborio kuma, wan mijinki, Magajin Garinmu mai ƙamshin turare, ya rantse cewa Ventrosa ba ta da irin wannan al'ada, wai in jirgi ya wuce yara ne kawai suke ɗaga hannu. Yara! Ni na ɗinka wa matarsa igiya a kusurwoyin zanenta don kada iska ta ɗauke, kamar yadda na ɗinka miki.

Kin manta Istar bara? Aniello ya zo hutu, ya shiga shagon kofin Totonno, tsofaffin nan suka sa shi gaba. "Ranka ya daɗe hafsa, an ce jirginku ya wuce? Mu dai ƙuda muka gani a kan ruwa." Wani ya ce, "Ubanka da kwale-kwalensa ya fi kyaftin ɗinku zuciya." Totonno ya ce, "Ku ƙyale shi, jirginsu ciki gare shi, likita ya hana shi zuwa kusa da dutse." Aniello ya dawo gida kunnuwansa ja, ya ƙi cin abinci. Ba jirgin da ya fi matsowa ake yabo shekara guda ba, a aika wa kyaftin ɗinsa kwandon lemo da kwalaben giya? Allon tagullar da ke bangon tasha fa, wanda wani kyaftin ya aiko yana gode wa tsibiri? Aljanu suka kafa shi?

Ga abin da ya faru a ɗakin tuƙi, daga bakin Aniello. Kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Gidanku ne, shiga da mu, ka nuna musu." Ya fita baranda da manyan baƙi suna ɗaukar hoto. Shi kuma wawan ɗana, maimakon ya dubi na'urorin da ke gabansa, sai ya ɗaga kai ya nemi hasumiyar coci, ya daidaita ta da tsohon ɓauren kan tudu, yadda marigayi ubansa ya koya masa. Duk ɗan Ventrosa ya san in hasumiya ta rufe ɓaure ka tsira daga Haƙora. Amma a kwale-kwale! Bai tuna cewa abin da yake tuƙawa yana da gida mai hawa uku a ƙarƙashin ruwa ba.

Ya yi laifi, ban ce bai yi ba. Ban ce a sake shi ba. Cewa nake kada a ɗora masa kayan gari guda shi kaɗai. Lauya ya ce in aka tafi a haka, zai fito da furfura, ni kuma na daɗe a ƙasa. Duk wanda ya tambaya a tsibiri sai ya ce bai gani ba, bai ji ba, ranar yana gona. In uwar wanda ya mutu ta buɗe baki, alƙali zai saurara. Ba ni da kowa sai ke, kuma na san ba ni da fuskar roƙonki. Ga shi ina roƙo.

Lemon kada ki cika masa ruwa, saiwarsa takan ruɓe.

Taki har kullum,
Assunta

*

Ofishin Magajin Gari, Ventrosa
Afrilu

Zuwa ga Uwargida Nunziata, matar ƙanina marigayi,

Gaisuwa da girmamawa, tare da sake miƙa ta'aziyyata da ta majalisar gari baki ɗaya. Na ƙwanƙwasa ƙofarki sau da dama ban yi sa'a ba, shi ya sa na turo wannan ta ƙarƙashinta.

Labari ya iso mini cewa wasiƙu suna kai da komo tsakaninki da wata da ba sai na ambaci sunanta ba. Ba na zarginki da komai, na san laushin zuciyarki. Sai dai a matsayina na babba a wannan gida, wajibi ne in tunatar da ke wasu abubuwa.

Tsibirin nan a kan jiragen ruwa yake rayuwa. Kusan kowane gida yana da namiji a cikinsu. Masu jiragen ba su da yawa, kuma suna magana da juna. Idan aka rubuta a kotu cewa mutanen Ventrosa suna kiran jirage zuwa kan dutse, ba wanda zai sake ɗaukar ɗan Ventrosa ko da wankin kwano ne. Ki tuna da 'ya'yan maƙwabciyarki Concetta. Wanda ya yi kuskure yana hannun hukuma. Tona abin da ya wuce ba zai dawo da Saverio ba, wanda ni ma ɗana ne.

Majalisa ta yanke shawarar gyara fuskar gari kafin bazara. Ranar Alhamis ma'aikata za su zaga gida-gida su cire tsofaffin ƙarafan da ke saman benaye, waɗanda suka yi tsatsa kuma suna iya yi wa yara rauni, su shafe gurbinsu da siminti. Ina fatan za ki ba su hanya. Haka kuma an amince a kafa dutsen tunawa da Saverio a dandali, da sunansa cikin ruwan zinariya, kuma ke za ki yaye masa mayafi ranar bikin Waliyyin gari.

In an kwashe jirgin, hankula suka kwanta, komai zai koma yadda muka gada. Ki yi haƙuri, ki bar wannan nauyi ga waɗanda aka ɗora wa shi.

Naki cikin girmamawa,
Liborio Mattera
Magajin Gari

*

Ventrosa, ƙarshen Afrilu

Kumare,

Ina gaisuwa, ina fatan kin yi Ista lafiya, gwargwadon yadda za a iya. Na sa miki takardar Liborio a cikin wannan, ki karanta ki ga yadda ake shaƙe mutum cikin ladabi.

Sun zo ranar Alhamis ɗin. Gennaro magini ne da surukinsa, da guduma da bokitin siminti. Na bar su suka hau. Gennaro ya kasa kallona.

Na ce, "Gennaro, me zobban nan suka yi maka?"

Ya ce, "Tsatsa, Inna Nunzia."

Na ce, "Uwarka a me take ɗaure zane in jirgin ubanka zai wuce?"

Ya ce, "Ai shanya take yi."

Na ce, "Shanya? Zane ɗaya, busasshe, ana buga ƙararrawa?"

Surukin ya fashe da dariya, Gennaro ya kwaɗa masa hula a ƙeya. Sai na ɗauko kujera na zauna a tsakanin zobban da kwandon wake a cinya ina ɓarewa. Na ce duk mai son ƙarfe ya fara da ni. Suka sha kofi suka sauka. Yanzu a duk tsibirin benena kaɗai ke da zobba. Allon tagullar tasha ma ya tafi, sai ramukan ƙusa a bango.

Tun ranar abubuwa suka sake. Da, kullum da wadda za ta turo mini kwano a rufe. Yanzu Concetta kaɗai, ita ma ta bayan gida. A coci benci guda nawa ne ni kaɗai, har na samu wurin ajiye jaka. Fada ya tsayar da ni a ƙofa ya yi mini doguwar magana a kan zaman lafiya. Ba wanda ya zage ni. Gaisuwa ce dai ta gajarce. Kin san girman tsibirin nan. In mutum ya yi fushi ya fita ya miƙe, kafin fushin ya huce ya iso ruwa. Ta kowane gefe ruwa ne, ni kuma na yi alkawari.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ranar Lahadi bayan coci ina zaune a bakin tasha, wurin da na saba. Sai ga wani farin jirgi, na farkon bana, can nesa inda ruwa ya haɗu da sama. Bai busa komai ba. Tsofaffin shagon Totonno suka fito da kofuna a hannu. Ga wancan kwance a gabansu, Kumare, ya tare rabin teku, ɗana a ciki. Sai na ji ɗaya ya ce, "Dubi matsoraci. Sai ka ce muna da ƙyanda." Wani ya ce, "Jikan Carmine yana cikin mai wucewar nan fa, ko gaisuwa babu." Totonno ya tofar da yawu ya ce, "Ku ba su shekara biyu. In an kwashe wannan tarkacen za su dawo. Na gaba dai a samo wanda ya iya tuƙi."

Tarkace, ya ce. Ina zaune ina ji.

Na tashi zan tafi, sai na hango saman benen Carmine. Matarsa ce, tsohuwar nan da ba ta gani sosai, tsaye da farin zane. Ba zobba, sai ta riƙe shi da hannu biyu, iska tana neman kayar da ita, tana ɗaga wa jirgin da ba zai taɓa ganinta ba. Ban ji haushinta ba. Da ni ce, abin da zan yi ke nan. Amma na tuna jikan nan nata, a ɗakin injin yake aiki, can ƙasa. Na dawo gida, na kasa ɗora tukunya.

Ban ce zan zo ba. Kada ki gaya wa lauya komai. Akwai dai abin da nake so ki tambayar mini Aniello, ki rubuto mini yadda ya faɗa, kada ki sa masa sukari. Saverio yana baranda yana ɗaga mini hannu. Me ya mayar da shi ƙasa? Wa ya aike shi? Shi hafsa ne, ya sani. Na tambayi mai jan gemu, ya dubi takalminsa ya ce shi aikinsa ruwa ne.

Lemonki ya yi fure. Na rage ruwan.

Allah Ya sa wannan ta same ki lafiya.

Nunziata

*

Napoli, farkon Mayu

Nunzia, 'yar'uwata,

Ina gaishe ki. Na rubuta wannan takarda na yaga, na sake na yaga. Lauya ya ce in yi shiru sai kin ba da shaida tukuna. Na so in bi maganarsa, ba zan yi miki ƙarya ba. Aniello ne ya hana. Ya ce, "Mama, in Inna Nunzia za ta zo, ta zo da idonta a buɗe. In ba haka ba ta zauna a gida."

Ba Saverio kika gani a baranda ba. Bai hau sama ba sam. Da safe ya roƙi shugaban ɗakin wanki ya ba shi ɗan lokaci ya gaida uwarsa, aka ce akwai liyafar kyaftin, ga tulin ƙyallayen tebur ba a goge ba, ba inda za shi. Ya aika wa Aniello saƙo ya sa baki. Aniello yana cikin hidimar shiga da jirgi, ya ce a ransa zai kira daga baya, ya manta. Mai farar rigar wani ne cikin masu raba abinci, ɗan wata ƙasa mai nisa. Ya ga mata suna ɗaga zane, shi ma ya ɗaga hannu.

Saura ɗaya, kuma ita ce mai nauyin. A ƙasan jirgi akwai ƙofofin ƙarfe da ake rufewa daga ɗakin tuƙi in ruwa ya shiga, don kada ya cika ko'ina. Da dutsen ya yaga cikin jirgin, kyaftin ya tsaya da waya a kunne yana magana da masu jirgin, bai ce a yi komai ba. Aniello ne ya danna aka rufe. An ce da bai rufe ba, da jirgin ya kife nan take da dubban mutane a ciki, kafin a sauke ko ɗaya. Ɗakin wanki yana bayan ɗaya daga cikin ƙofofin nan. Na tambaye shi, "Ka san yana ciki?" Ya ce, "Na sani, Mama. Na ga fitilar ƙofar, na san wacce ce."

Bayan an sauke mutane ya sauka da kansa, ruwa har ƙirji, ya yi ta bugun ƙofar da ƙarfe har aka janye shi da ƙarfi. Ban faɗa miki wannan don ki tausaya masa ba. Kin ce kada in sa sukari, to ban sa ba, ban kuma rage komai ba.

Zaman kotu ranar Talata ta sama ne, da safe. Ba zan ƙara roƙonki ba. In ba ki zo ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba. In na mutu ma a binne ni a nan, kada in dame ki ko a maƙabarta.

Ki yafe mini da na zama mai kawo miki wannan.

Assunta

*

Ventrosa, Alhamis

Kumare,

Ina gaisuwa.

Na karanta. Kwana biyu ban buɗe taga ba. Abu ɗaya nake da shi, kin karɓe. Amma ni na tambaya.

Jiya na je coci lokacin da ba kowa, na faɗa wa Uwa Maryamu zan karya alkawari. Na ce ita ma ta tsaya ta kalli ɗanta ba ta iya komai ba, za ta gane. Daga nan na gangara tasha wurin mai jan gemu. Na ce zan yi tafiya, in kun same shi ba na nan, kada ka bar Liborio ya taɓa shi, kada a rufe shi da tutar gari. Ya cire hula ya ce, "Ni zan zauna da shi, Uwa, har ki dawo."

Zan shigo jirgin fiton safiyar Litinin. Concetta ta ce in zauna ta gefen da ba a ganin komai. Ta ɗaya gefen zan zauna. Tun Oktoba ban taɓa matsawa kusa da ɗana haka ba.

Ki gaya wa lauya zan faɗi duka: zobba, ƙararrawa, kwandon lemo, bakin Totonno, matar Carmine, dariyar da na yi. In alƙali ya tambaye ni wa ke tuƙi, zan faɗa. Ban yafe wa Aniello ba, ban san ko zan iya ba. Kada ki sa shi ya yi mini magana. Ya dai ɗaga kai in na shigo, in ga ko yana cin abinci.

Ki jira ni a bakin tashar jirgin fito, ban san Napoli ba. Kada ki rungume ni a gaban mutane.

Zanen yana cikin jakata, da igiyoyin da kika ɗinka masa. Alƙali ya gani, ya taɓa in yana so. Amma ki gaya musu tun yanzu, sai sun dawo mini da shi. Da shi zan naɗe Saverio.

Sai na zo.

Nunziata